Asabar, Lahadi da Jumma'a: Tarihin Ranar Hutu Daga Dutsen Sina'i Zuwa Ƙasar Gumel



Gabatarwa

Zan fara wannan lacca da abin da kowane mutumin ƙasar Gumel ya sani. Ran Alhamis kasuwar Maigatari take ci. A ranar za ka ga shanu da raƙuma da tumaki sun kwararo daga Damagaram da sauran sassan Jamhuriyar Nijar, ga fatake daga Kudu sun zo da manyan motoci suna jiran lodi. A wannan rana kuma makarantun allo suna hutu, domin tun yammacin Laraba ake jingine alluna, ba a koma musu sai bayan an sauko Jumma'a. Ran Jumma'a da hantsi za a yi wanka, a sa fararen kaya, a tafi masallaci, in an sallame kowa ya kama gabansa. Ran Asabar da Lahadi kuwa, in ka je sakatariyar ƙaramar hukuma a Gagarawa ko Sule Tankarkar, maigadi kaɗai za ka iske a bakin ƙofa. Shi ko manomi, in damina ta faɗi, ruwan sama ne yake yanka masa ranar aiki da ranar hutu.

Ke nan a cikin mako guda akwai lissafi iri huɗu: na kasuwa, na makaranta da masallaci, na ofis, da na gona. Uku daga cikinsu mun san asalinsu. Na ofis ne in aka tambayi mutum, sai ya ce ai Lahadi ranar Kiristoci ce, addininsu ya hana su aiki a cikinta kamar yadda aka hana Yahudawa aiki ran Asabar. To, shin haka abin yake? In Attaura Asabar ta ambata, yaya aka yi Lahadi ta shigo? Kuma shin kiyaye Asabar ɗin nan wajibi ne a kan Kirista? Wannan tambaya ta kusa shekara dubu biyu ana tafka muhawara a kanta. Ba niyyata ba ce in yanke wa mabiya wani addini hukunci a kan addininsu. Aikin mai nazarin tarihi shi ne ya nuna yadda aka faro, da inda aka rarrabu, da yadda abin ya iso ƙofar gidanmu.

Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, akwai abubuwa uku da aka saba cuɗa su wuri guda: ranar taruwa don ibada, ranar barin aiki, da dokar hukuma wadda take rufe ofis da kotu. Kowannensu da tarihinsa.

Sunan Ranar

Sunayen ranakun mako na Hausa daga Larabci muka aro su. Lahadi ma'anarta ta ɗaya, Litinin ta biyu, Talata ta uku, Laraba ta huɗu, Alhamis ta biyar. Ranaku biyu ne kaɗai suka fita daga wannan ƙidaya. Jumma'a ta samo sunanta daga taruwa. Asabar kuwa daga kalmar Larabci ce ta Sabtu, wadda take 'yar'uwar kalmar Ibrananci ta Shabbat, watau dakatawa daga aiki. Ashe duk Bahaushen da ya ce "sai ran Asabar" ya ambaci wannan tsohuwar doka ko bai sani ba. Haka kuma harshenmu da kansa ya shaida cewa Lahadi ce ranar farko ta mako, Asabar ce ta bakwai. A kan wannan babu saɓani tsakanin Bayahude da Kirista da Musulmi.

Asabar a Cikin Attaura

Dokar Asabar tana cikin Dokoki Goma da aka ba Annabi Musa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta zo sau biyu, kuma da dalilai biyu. A Littafin Fitowa, sura ta 20, an danganta ta da halittar sammai da ƙasa cikin kwana shida. A Littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 5, an danganta ta da bautar da Bani Isra'ila suka yi a Masar, domin wanda ya ɗanɗana bauta ya tuna ya hutar da na ƙarƙashinsa. Shi ya sa dokar ba ta tsaya kan maigida ba. Ta haɗa da 'ya'yansa, da barorinsa, da baƙon da yake zaune a garin, har da sa da jaki.

Doka ce mai tsanani. An hana hura wuta a gida a wannan rana. A Littafin Ƙidaya, sura ta 15, an ba da labarin mutumin da aka kama yana tattara itace ran Asabar, aka yanke masa hukuncin jifa. Daga baya, wajen shekara ta 200 Miladiyya, malaman Yahudawa suka tsara ayyuka iri 39 da aka haramta, daga shuka da girbi har saƙa da rubutu. Lissafin ranar kuwa daga faɗuwar rana ta Jumma'a ne zuwa faɗuwar rana ta Asabar. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da mu ma in muka ce daren Jumma'a, daren da ya biyo yinin Alhamis muke nufi.

Alƙur'ani mai girma ya tabbatar da cewa an ɗora wa Bani Isra'ila wannan doka. An ambace ta a Suratul Baƙara, sa'an nan a Suratul A'araf an kawo ƙissar mutanen wata alƙarya ta bakin teku waɗanda suka keta ta saboda kamun kifi. Amma ba a ɗora wa Musulmi irinta ba. Abin da Suratul Jumu'a ta umarta shi ne a bar ciniki idan an yi kiran salla, in an ƙare kuma a watsu a nemi falalar Allah. Har ma malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil wanda ake karantawa a zaurukanmu, sun karhanta mutum ya bar aiki ran Jumma'a da nufin girmama ranar irin yadda ma'abota littafi suke yi da tasu. Jumma'a dai ranar taro ce, shari'a ba ta mai da ita ranar zaman gida ba. Mu riƙe wannan, domin za mu ga Lahadi ma da haka ta fara.

Kiristocin Farko

Almajiran Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Yahudawa ne, suna kuma kiyaye Asabar. Littattafan Linjila da suke hannun Kiristoci sun nuna shi kansa yana shiga majami'a a wannan rana bisa al'adarsa. Sun kuma nuna ya yi jayayya da malaman Yahudawa a kan warkar da marasa lafiya a cikinta, inda ya nuna musu cewa don amfanin ɗan Adam aka ajiye ranar.

Matsala ta taso ne sa'ad da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shiga sabon addinin, a Antakiya da garuruwan Girka. Shin sai sun ɗauki dukan shari'ar Musa? A kan haka aka yi taro a Urushalima, watau Ƙudus, wajen shekara ta 49 ko 50, kamar yadda ya zo a Ayyukan Manzanni sura ta 15. Taron ya ɗora musu abu huɗu: su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da maƙararriyar dabba, da zina. Ba a ambaci Asabar a ciki ba. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ga Kolosiyawa, ya hana a zargi kowa a kan abinci ko idi ko Asabar. A wasiƙarsa ga Romawa ya bar wa kowa zaɓi, ko ya fifita wata rana ko ya ɗauki ranaku duka ɗaya.

A gefe guda kuma sai ga wata al'ada tana tsirowa, ta taruwa a ranar farko ta mako, saboda Kiristoci sun gaskata a ranar ce Almasihu ya tashi daga matattu. Suka sa mata suna Ranar Ubangiji. Wajen shekara ta 112 wani gwamnan Rumawa mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa Kiristocin lardinsa suna taruwa a wata ƙayyadaddiyar rana tun kafin gari ya waye. Wajen shekara ta 150 kuma wani malaminsu mai suna Jastin ya bayyana taron Lahadi a birnin Rum: a yi karatu, a yi wa'azi, a yi addu'a, a ci gurasa tare, a tara gudummawa don marayu da gwauraye.

Abin lura a nan shi ne, a duk tsawon wannan zamani Lahadi ranar aiki ce a daular Rum. Bawa ba shi da ikon ce wa ubangidansa yau ba zai yi aiki ba. Kusan shekara 300 Kiristoci suka yi suna ibada ran Lahadi suna kuma fita neman abinci a cikinta.

Dokar Sarki Kustantin

Ranar 7 ga Maris na shekara ta 321 Sarkin Rum Kustantin ya kafa doka cewa alƙalai da mazauna birane da masu sana'o'i su huta a ranar da Rumawa suke kira ranar Rana, watau Lahadi. Wannan ne karo na farko da hukuma ta mai da Lahadi ranar rufe kotu da wuraren sana'a. Sai dai dokar ta keɓe manoma. Ta ce su ci gaba da aikinsu, domin sau da yawa ranar da ta dace da shuka ba ta dawowa. Manomin Sule Tankarkar, wanda ya san ruwan shuka ba ya jiran kowa, zai fahimci hikimar wannan keɓewa fiye da mu mazauna ofis. Keɓewar kuma ta nuna mana cewa Kustantin ba dokar Musa ya kwafo ba, domin a Littafin Fitowa an ce a huta ko da lokacin huɗa ne ko na girbi.

Bayan haka da shekara arba'in da 'yan kai, wajen 364, majalisar limaman ikkilisiya da ta zauna a Lawudikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ta hana Kirista zaman hutu ran Asabar. Ta ce ya yi aiki a ranar, ya girmama Lahadi, ya huta a cikinta in ya sami hali. Mai nazarin tarihi yakan karanta irin wannan hani ta fuska biyu. Ya nuna matsayin shugabanni, ya kuma nuna cewa har lokacin akwai Kiristocin da suke hutun Asabar, domin ba a kafa doka a hana abin da ba wanda yake yi. Sannu a hankali aka yi ta ƙara wa Lahadi nauyi. A shekara ta 538 majalisar da ta zauna a Orleyan ta ƙasar Faransa ta hana aikin gona ma a ranar.

Amsoshi Huɗu

Daga nan zuwa yau, ana iya kasa amsoshin da Kiristoci suka bayar kashi huɗu.

Amsa ta farko ita ce dokar Asabar ta zahiri Bani Isra'ila aka ɗora wa, ba ta hau kan Kirista ba. Martin Luta na Jamus ya koyar da haka a littafin koyarwarsa na 1529. A ganinsa ana ware rana guda ne don barori da leburori su sami sararawa, jama'a kuma su sami lokacin jin wa'azi, an kuwa zaɓi Lahadi don ita aka gada. Ikkilisiyar Katolika ita ma tana koyar da cewa Lahadi dabam take da Asabar, ta maye gurbinta ga Kirista, ana wajabta halartar ibada a cikinta da barin aikin da zai hana ibada da hutawa. Mafi yawan Kiristocin duniya a wannan sashe suke, ko kusa da shi.

Amsa ta biyu a Ingila da Sukotlan ta yi ƙarfi, a hannun masu tsananta tsarkake addini na ƙarni na 16 da na 17. Su cewa suka yi dokar tana nan daram, ranar ce kawai aka mayar daga ta bakwai zuwa ta farko. Suka kira Lahadi Asabar ta Kirista, suka hana ciniki da wasanni a cikinta. An rubuta wannan aƙida a Shahadar Westminista ta 1647, a 1677 kuma majalisar dokokin Ingila ta kafa dokar hana sana'a da ciniki ran Lahadi. Ina roƙon ku riƙe wannan amsa, domin ita ce za ta biyo jirgin ruwa ta zo mana.

Amsa ta uku a nan nahiyarmu aka ba da ita. A ƙasar Habasha wani malamin zuhudu mai suna Ewostatewos, wanda ya rasu a 1352, ya dage a kan lallai a kiyaye Asabar tare da Lahadi. Aka tsananta masa har ya bar ƙasar, almajiransa suka sha kora da wulakanci kusan shekara ɗari. A 1450 Sarki Zara Yaƙub ya tara majalisa a Dabra Mitmak, aka amince a girmama ranakun biyu. Wannan sarki ya ga rikicin yana neman raba masa ƙasa, sai ya zaɓi a faɗaɗa wa kowa.

Amsa ta huɗu ita ce Asabar ta rana ta bakwai tana nan a kan kowane Kirista, ba wanda yake da ikon canja ta. Tun a ƙarni na 17 aka sami wasu 'yan Baftis a Ingila masu wannan ra'ayi, suka kafa ikkilisiya a Amurka a 1671. Daga wurinsu aƙidar ta shiga cikin masu jiran dawowar Almasihu a shekarun 1840, waɗanda suka kafa ikkilisiyar Adbantis ta masu kiyaye rana ta bakwai a 1863. Hujjojinsu ba na wasa ba ne. Sun ce an tsarkake rana ta bakwai tun a Littafin Farawa, kafin a haifi Bayahude ko ɗaya. Sun ce Dokoki Goma a dunƙule suke, ba a riƙe tara a saki ɗaya. Sun ce babu ayar da ta umarta a mai da Asabar Lahadi, kuma Asabar ɗin da Bulus ya ambata wa Kolosiyawa ta bukukuwan shekara ce. Sauran Kiristoci suna mayar musu da martani da taron Urushalima da wasiƙun Bulus da al'adar magabata. Har gobe ba a rufe wannan babi ba.

Yadda Lahadi ta Iso Ƙasar Gumel

Yanzu sai mu dawo gida. Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, ta kasance a ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta shiga daular Sakkwato ba. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Gumel a 1851, ya iske gari mai albarka, babbar matattarar cinikin kanwa. Mutanen wannan zamani sun san mako mai kwana bakwai sarai. Suna da Jumma'arsu, da ranakun kasuwanninsu, da hutun makarantun allo. Abin da ba su da shi shi ne ranar da hukuma take cewa kowa ya ajiye aiki.

A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Gumel ma ta shiga ƙarƙashin mulkinsu. Gwamna Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, aka kuma daɗe ana taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Ko Dokta Mila, wanda ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya Wusasa aka mai da tasharsu, a bayan ganuwa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932. Saboda haka ba a bakin mai wa'azi Lahadi ta fara shigowa wannan yanki ba. Ta shigo ne a cikin kalandar Razdan da Joji, da ta akawu, da ta kantunan Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma aka kai dogo Nguru ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Tashar jirgi ta zo da ma'aikatanta, da yawansu Kiristoci daga Kudu, ta zo da masu awon gyaɗa, ta zo da agogo da takardar albashi. Duk wanda ya shiga aikin albashi sai ya shiga makon Bature. Makon Bature kuwa shi ne wanda dokar Kustantin ta haifa, dokar Ingila ta 1677 ta yi masa reno.

Da za ka tsallaka iyaka daga Maigatari ka shiga Nijar, can ma Asabar da Lahadi ofisoshi suke rufe. Nasu gadon daga Faransa ne, ƙasar da ta raba addini da hukuma a 1905, amma duk da haka ta kafa dokar hutun Lahadi a 1906 don kare ma'aikata. Wannan ya isa ya nuna cewa a farkon ƙarni na 20 hutun mako ya riga ya zama maganar ƙwadago. A 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsai da yarjejeniya cewa ma'aikacin masana'anta ya sami hutun awa 24 a kowane kwana bakwai, a kuma daidaita shi da al'adar ƙasa in da hali. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ita ma ta ba ma'aikaci hutun yini guda a kowane kwana bakwai.

Ita kuwa Asabar, ba ta ƙofar Attaura ta shigo ofishinmu ba. Dattawan ma'aikata suna tuna zamanin da ake zuwa aiki rabin yini ran Asabar. Hutun kwana biyu ɗan masana'antun Turai da Amurka ne. Kamfanin motoci na Ford, alal misali, ya koma aikin kwana biyar a 1926. Ƙasashen Musulmi ma suna jujjuya nasu bisa maslaha. Saudiyya ta mai da hutunta daga Alhamis da Jumma'a zuwa Jumma'a da Asabar a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta koma Asabar da Lahadi a 2022, tare da rabin yini ran Jumma'a.

Masu Kiyaye Asabar a Nijeriya

Sai dai da yake Asabar ta zama ranar da ofis yake rufe, ita ce kuma ta zama ranar da hukuma take jibga wa duk wani aikin gayya. Zaɓen shugaban ƙasa na 11 ga Agusta 1979 ran Asabar aka yi shi. Haka na 12 ga Yuni 1993, da na 27 ga Fabrairu 1999, da na 25 ga Fabrairu 2023. Tsabtace muhalli na ƙarshen wata, wanda muka gada daga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985, ran Asabar ne. Jarrabawa da yawa ma haka. Dalilin a fili yake: an kauce wa Jumma'a don Musulmi, an kauce wa Lahadi don Kirista, aka ɗauka Asabar ba ta kowa ba ce.

Alhali kuwa tana da masu ita. 'Yan Adbantis sun shigo Nijeriya a 1914, sa'ad da Dauda Babkok ya sauka a Erunmu kusa da Ibadan. A farkon shekarun 1930 suka kafa tasha a Jengre, a Jihar Filato ta yau, inda suka yi asibiti. Kwalejinsu ta Ilishan-Remo, wadda aka buɗe a 1959, ita ce ta zama Jami'ar Babkok a 1999. Ɗan wannan ikkilisiya, daga magaribar Jumma'a zuwa magaribar Asabar, ba ya ciniki, ba ya aikin albashi in ba na ceton rai ba, da yawansu kuma ba sa rubuta jarrabawa ko fita zaɓe. Wani dattijonsu ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Abuja yana neman a daina zaɓe da jarrabawa ran Asabar, a 2024 kotu ta kori ƙarar. Amma mutumin da zai zaɓi tsakanin imaninsa da ƙuri'arsa yana nan.

Kada wani ya ce wannan maganar Kudu ce, ina ruwan Gumel. Tun da aka kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, aka kuma ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, babu ƙaramar hukumar da ba a turo wa baƙo. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya, da jami'an kwastan a bakin iyaka, da 'yan kasuwa, da ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Gumel. Ba abin mamaki ba ne wata rana ɗayansu ya tsaya gaban teburinka ya ce ba zai iya zuwa ran Asabar ba. In ba ka san tarihi ba, sai ka ce ƙarya yake yi, ai Kirista Lahadi yake hutu. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kammalawa

Jama'a, bari in tattara. Shin kiyaye Asabar wajibi ne a kan Kirista? Amsar tarihi ita ce, mafi yawansu tun ƙarnonin farko sun tafi a kan cewa ba wajibi ba ne. Wasu sun ce wajibcin ya koma Lahadi. Habasha ta riƙe biyun. Wasu tsiraru kuma, masu hujja da littafi a hannu, sun tsaya a kan rana ta bakwai. Wannan saɓani nasu ne, su za su warware shi a tsakaninsu.

Abin da yake namu duka shi ne na uku daga abubuwan da na ambata a farko, watau dokar hukuma. Kalandar ofis ba wahayi ba ce. Sarki ne ya fara ta, majalisu suka gyara ta, 'yan ƙwadago suka faɗaɗa ta, kuma ana iya sake duba ta. Musulmin da ya ga ya dace a sassauta masa aiki ran Jumma'a don ya sami salla a natse yana da hujja, kuma wannan hujjar ce take hannun mai kiyaye Asabar. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 bai ƙidaya yawan mabiya ba kafin ya ba kowa 'yancin addininsa. Ba kullum ne za a iya gamsar da kowa ba, musamman a babban al'amari irin zaɓen ƙasa. Amma yawancin abin da yake hannunku ƙanana ne: jadawalin jarrabawa, jerin masu aikin dare da na ƙarshen mako, ranar tantance ma'aikata. A irin waɗannan, tambaya guda kafin a buga takarda takan rage ɓacin rai mai yawa.

Daga ƙarshe, ina tunatar da mu dalilin nan na biyu da aka bayar a Attaura, na hutar da bara da baƙo da dabba. Mu da muke gardama a kan wace rana za mu huta, muna da kwana biyu a kowane mako. Yarinyar da take aikatau a gidajenmu fa, da ɗan dako, da mai tura kurar ruwa, da yaron da ya koro shanu zuwa Maigatari, wace rana ce tasu? Wanda ya hutar da na ƙarƙashinsa ya kama manufar dokar, ko wace rana ya zaɓa.